Akuyar dutsen Pakistan da jemagen Morishus: me ya sa ake biyan dala dubu ɗari a harbi ɗaya, ɗayan kuma a kashe dubu talatin kyauta?

Kusan duk lokacin sanyi sai hoton nan ya sake zagayo mu a Facebook da WhatsApp, wani Bature durƙushe a kan dutse, bindiga a gefensa, ya riƙe ƙahon wani ƙaton bunsuru mai murɗaɗɗen ƙaho da ya harbe a arewacin Pakistan, a ƙasan hoton an rubuta kuɗin da ya biya, sai ka ga mutane a kwamen suna ta mamaki wai ta yaya za a ce harbe dabba shi ne kare ta daga ƙarewa. Haka kuma da zarar an ji cutar Marburg ta ɓulla a wata ƙasar Afirka, ko Nipah a Indiya, sai wasu su fara cewa ai kawai a kashe jemagun nan gaba ɗaya kowa ya huta, me suke tsinana mana.

To maganganun nan biyu a gaskiya magana ɗaya ce, kuma sai an ajiye dabbobin kusa da juna ake gane ta. Bunsurun nan da ake harba da lasisi yawansa ƙaruwa ya yi. Jemagen da wata gwamnati ta sa aka harbe don a ceci lambun mutane shi kuma ya doshi ƙarewa, lambun ma bai tsira ba. Ya aka yi haka?

Su wane ne dabbobin biyu

Bunsurun sunansa markor, akuyar daji ce da ke rayuwa a duwatsun Pakistan da Afganistan da Tajikistan da Uzbekistan da Turkmenistan da yankin Kashmir na Indiya, kuma ita ce dabbar da Pakistan ta ɗauka a matsayin alamar ƙasa. Namiji babba yana kaiwa kilo 110, ƙahonsa a murɗe yake yana tafiya sama har ya kai santimita 160, ga gemu da gashin ƙirji yana reto. Mace ƙarama ce sosai a kansa, ƙahonta gajere, tana haihuwar ɗa ɗaya ko biyu. Dangin akuyarmu ta gida ce ta kusa, har suna iya barbara da juna, kuma wannan kusancin zai dawo mana a gaba don yana cikin manyan matsalolinta.

Jemage kuma, na farko dai ba tsuntsu ba ne, dabba ce mai haihuwa ta shayar da nono kamar akuyar. Jinsin jemagu a duniya ya haura 1,400, masu cin 'ya'yan itace a cikinsu sun kusa 200, kuma waɗannan su ne manyan da kake gani sun yi baƙi a saman bishiya da rana suna ta ƙara, da magariba su tashi su rufe sama. Ba makafi ba ne, idonsu garau yake, da ido da hanci suke nemo abinci. Ba sa shan jini kuma, masu shan jinin nan jinsi uku ne kacal kuma duk a Kudanci da Tsakiyar Amurka suke, babu ko ɗaya a Afirka. Wanda muke magana a kansa shi ne na tsibirin Morishus da ke Tekun Indiya gabas da Madagaska, faɗin fukafukinsa kusan santimita 80, a can kaɗai ake samunsa sai ɗan tsiraru a tsibirin Reyuniyon. Abin da ya kamata ka riƙe a kansa shi ne mace ɗa ɗaya take haifa a shekara. Mutane suna ganin yawansu a bishiya sai su ɗauka kamar ɓera suke hayayyafa, alhali idan ka kashe rabin garke sai an yi shekaru kafin ya dawo.

Yadda markor ta dawo daga bakin rami

A tsakiyar shekarun 1980, a duwatsun Torghar da ke lardin Balocistan, markor mai miƙaƙƙen ƙaho da ta rage ba ta kai 100 ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, yaƙin Afganistan da ya fara a 1979 ya cika yankin da bindigogi masu arha, kowa na da ita, kuma duk wanda ya san abin da yaɗuwar makamai ta yi wa dazukan Zamfara da Katsina ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sai shugabannin ƙabilar wurin, Nawab Taimur Shah Jogezai da Sardar Naseer Tareen, suka hana farauta a yankinsu wajen 1985, suka ɗauki 'yan ƙabilar aikin gadi, da yawa daga cikinsu tsofaffin mafarauta ne, aka riƙa biyansu albashi da kuɗin da baƙi 'yan ƙasar waje ke biya su harbi dabba ƙalilan a shekara. Ƙidayar 1994 ta samu wajen 700, ta 2011 ta samu sama da 3,500.

A 1997 yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta yarje wa Pakistan ta fitar da kan markor shida a shekara, a 2002 aka mayar da shi 12. Ana yin gwanjon lasisin, tsohon namiji kawai aka yarda a harba, kashi 80 cikin ɗari na kuɗin na mutanen ƙauyen da dabbar ke dajinsu ne, 20 na hukumar namun daji. A 2019 wani Ba'amurke ya biya dala 110,000 a Gilgit-Baltistan, shi ne hoton da ya tayar da ƙura a duniya, a ƙarshen 2024 kuma wani ya biya dala 271,000 a Chitral, wato sama da naira miliyan 400 a canjin lokacin a kan bunsuru guda. Da kuɗin ake biyan masu gadi, ana gyara hanya da makaranta da magudanar ruwa.

To ka ga lissafin da mutumin ƙauye zai yi. Da, idan ya harbi markor ya samu naman kwana biyu. Yanzu idan ya harba ya ɗauke wa garinsu gaba ɗaya kuɗin da ba su taɓa gani ba, maƙwabcinsa ne ma zai fara kai ƙararsa. A 2015 ƙungiyar IUCN mai fitar da jerin dabbobin da ke cikin haɗari ta sauko da markor daga rukunin masu fuskantar ƙarewa zuwa mai sauƙi-sauƙi, ta ƙiyasta manyan da suka balaga wajen 5,700 a duniya. A 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya har rana ta ware mata, 24 ga Mayu.

Amma fa kar a ɗauka tsarin ba shi da tabo, ni kaina ba na jin daɗin ganin mutum ya tsallako teku don kawai ya kashe rai ya rataye kai a bangon falo, kuma malamanmu sun daɗe suna magana kan kashe dabba don nishaɗi ba don buƙata ba. Masu suka suna kawo hujjoji masu nauyi. Akwai rigimar rabon kuɗi, inda manyan gari ke danne na ƙasa ko ƙauyuka biyu su yi ta jayayya kan dajin wa dabbar take. Akwai damisar ƙanƙara, wadda ita ma tana cikin haɗari kuma markor abincinta ce, to idan kowane bunsuru ya zama dala dubu ɗari me kake tsammanin mutanen gari za su ji game da mai cinye musu shi? Akwai kuma abin da aka gani a Kanada, inda wani bincike na 2003 kan ragunan dutse ya nuna cewa yawan harbe masu manyan ƙaho ya sa ƙahon garken ya riƙa ƙanƙancewa a hankali. Sannan duk tsarin ya rataya ne a wuyan baƙi masu kuɗi, ranar da jirgi ya daina sauka kamar yadda aka yi lokacin korona, albashin mai gadi ya shiga matsala. Duk da haka ƙidaya ba ta ƙarya, dabbar ta ƙaru, kuma ƙa'idar 12 a shekara ba ta kai abin da ake kashewa a ɓoye a da ba ko kusa.

Abin da aka yi wa jemage a Morishus

Morishus ita ce ƙasar tsuntsun dodo da ya ƙare ƙaf tun ƙarni na 17, kuma jinsin jemagu masu cin 'ya'yan itace uku take da su a da, ɗaya ya ƙare a ƙarni na 19, ɗaya ya ɓace daga babban tsibirin, saura wannan guda ɗayan. An sare dajin ƙasar an shuka rake har abin da ya rage na asalin daji bai kai kashi biyar cikin ɗari ba, ɗan abin da ya ragen ma ga birai da aka shigo da su daga waje suna ɓarnatar da 'ya'yan itace tun suna ɗanye. To jemage ina zai je? Sai lambun mangwaro da na lici, wani ɗan itace mai jan ɓawo da farar tsoka mai zaƙi da suke fitarwa Turai suna samun kuɗi da shi.

Masu lambu suka yi ta kuka, kuma kukansu na gaskiya ne, duk wanda ya taɓa rainon mangwaro ya wayi gari ya tarar da ƙasan bishiya cike da ciccijen 'ya'ya ya san zafin abin. 'Yan siyasa suka ɗauki maganar, a 2015 aka yi sabuwar doka da ta buɗe ƙofar rage dabbar da take cikin kariya, aka tura jami'an tsaro da bindiga cikin daji a watannin Nuwamba da Disamba. Alƙaluman gwamnati sun ce an kashe sama da 30,000 a wannan zagayen kaɗai, a 2016 aka ƙara sama da 7,000, aka sake komawa a 2018 da shekarun da suka biyo. Gwamnati ta ce jemagun sun kai 90,000, gidauniyar kare namun daji ta ƙasar ta ce ba su wuce wajen 50,000 ba, an ƙidaya wasu sau biyu. Abin da ya fi ciwo shi ne lokacin da aka zaɓa lokacin goyo ne, uwar da aka harbe ɗanta na maƙale a jikinta ko yana jiranta a bishiya, shi ba ya cikin lissafin.

A 2018 IUCN ta ɗaga jemagen zuwa rukunin masu fuskantar ƙarewa, wato daidai gurbin da markor ta bari shekara uku kafin nan. Lambun fa? Masana a Jami'ar Morishus, cikinsu har da Farfesa Vincent Florens, sun bi alƙaluman amfanin gona suka nuna cewa kisan bai ƙara wa manoma abin da suke girba ba. Jemagun da aka fi harbewa na cikin daji ne ba waɗanda suka saba shiga lambu ba, kuma asarar da ake ɗora wa jemage wani kaso na tsuntsaye ne, wani na iska, wani kuma 'ya'yan da suka nuna suka zube don bishiyar ta yi tsawon da ba a iya tsinka. Abin da aka gwada ya yi aiki shi ne a rage wa bishiya tsawo a lulluɓe ta da raga, wannan ya rage ɓarna fiye da ninki goma, gwamnatin ma tana biyan kaso mai tsoka na kuɗin ragar. Sai dai raga aiki ce mai wahala ba ta kuma yin kanun labarai, harbi kuwa kowa zai ji ƙararsa ya san ana yi masa wani abu.

Wa ya fi amfani a cikinsu

Nan ne abin yake ba ni takaici. Idan amfani ake bi, jemage ya yi wa markor fintinkau. Markor tana da matsayinta a dutse, tana kiwo, damisa da kerkeci na cin ta, shi ke nan. Jemage kuwa shi ne mai shuka daji. Yana haɗiye ƙananan iri ya tashi ya yi kashinsu a wani wuri mai nisa, yana shan ruwan fure ya kwashi garin furen a gashinsa ya kai wa wata bishiya. A Morishus shi ne babban mai yaɗa irin manyan itatuwan asali da ya rage, har da baƙin katakon nan mai tsada.

Kuma wannan ba labarin tsibirin nesa ba ne kawai, domin ɗan uwansa mai ruwan ƙasa-ƙasa a wuya yana nan tare da mu daga Senegal har Sudan, duk wanda ya bi ta asibitin sojoji na 37 a Akara ya ga yadda suka cika bishiyoyin bakin titi, a dajin Kasanka na Zambiya kuma miliyoyi ke taruwa daga Oktoba zuwa Disamba. Masu bincike sun ɗaura wa na Akara na'urar bin sawu suka gano suna iya kai iri har nisan kilomita 75. Furen kuka da dare yake buɗewa, fari mai wari, jemage ne babban mai yi masa barbara. Haka tutun ɗorawa, haka furen rimi. 'Ya'yan kaɗanya ma yana ɗauka ya ci tsokar ya yar da ƙwallon a gaba. Wato kalwar da ake daddawa da ita, da garin kuka da ake kunu da kwalba da nono, da man kaɗe da mata ke sayarwa, duk akwai hannun dabbar da yara ke harbi da danƙo a ciki.

To me ya sa ba wanda ke gadinsa? Saboda amfaninsa inuwar giginya ce, na nesa ka sha. Ɓarnarsa a lambun mutum ɗaya take sauka yau da dare, yana gani da idonsa yana iya ƙirga asarar, alherinsa kuma sai bayan shekara ashirin a dajin wani ƙauye da ba su ma san shi ya shuka ba. Markor ta samu wanda zai sa mata farashi ya miƙa wa maƙwabtanta kuɗin a hannu, jemage bai samu ba, kuma ba zai samu ta wannan hanyar ba don babu attajirin da zai biya dala dubu ɗari ya rataye kan jemage a falo.

Maganar cuta

Ba za a ɓoye ba, akwai jemagu masu ɗauke da ƙwayoyin cuta masu kisa. Marburg, wadda aka fara ganowa a Jamus a 1967, tana zaune ne a jikin wani jemage mai kwana a kogo da ramukan haƙar ma'adinai, ta ɓulla a Gana a 2022, a Ruwanda a 2024 ta kama mutum 66 ta kashe 15. Nipah a Bangaladesh ta ɗanyen ruwan da ake tatsa daga bishiyar dabino take shiga mutane, wanda jemage ya lasa ko ya yi fitsari a tukunyar da aka rataya. Wata ƙwayar cuta dangin ta haukan kare ma a jikin jemagen Legas aka fara gano ta a 1956.

Amma a duba abin da ya faru a mahaƙar Kitaka a Yuganda. Bayan Marburg ta kama masu haƙa a 2007, aka toshe ramin aka kashe dubban jemagu. Bayan 'yan shekaru wasu suka dawo suka cika wurin, da aka gwada su sai aka tarar masu ɗauke da cutar sun tashi daga wajen kashi 5 zuwa wajen kashi 13 cikin ɗari, a 2012 kuma cutar ta sake ɓarkewa a garin Ibanda da ke kusa. Kisa yana tarwatsa garke ya watsa shi, ga masu kisan da hannunsu cikin jini.

Ita ma akuyar ba ta tsira daga cuta ba, sai dai a wurinta daga gida cutar ke zuwa. A 2010 ciwon huhu ya kashe aƙalla markor 64 a Tajikistan, kuma awakin makiyaya da suke haɗa mashaya da su aka fi zargi. Duk inda mutum da dabbobinsa suka matsa cikin daji, cuta na bin hanyar ta kowane ɓangare.

Mu kuma fa

Mu ma muna da dangin markor, ragon dutsen nan na tsaunukan Ayar da Termit a Nijar, wanda farauta da mota da bindiga ta rage shi sosai. Wasu za su ce to a kwafo tsarin Pakistan mana. Ni ina ganin kafin a kai nan sai an samu abu uku da Torghar ta samu, shugabannin gargajiya da ake jin maganarsu, ƙidaya ta gaskiya da wani na waje zai iya tantancewa, da tabbacin cewa kashi 80 ɗin nan zai isa hannun mai gadi bai maƙale a ofis ba. Idan babu su, lasisi zai zama hanyar halatta ɓarna kawai.

Na jemage ya fi kusa da mu kuma ba ya buƙatar gwanjo. A kudancin Gana wani bincike na 2011 ya ƙiyasta ana sayar da aƙalla 128,000 a shekara a kasuwar naman daji, ga sare bishiyoyin da suke kwana a cikin gari da sunan ƙazanta ko tsoron maita, shi ya sa IUCN ta sa namu ma a jerin waɗanda ake sa wa ido. Mai lambun mangwaro ko gwaba yana da haƙƙin ya kare guminsa, hanyar ita ce ya rage tsawon bishiya, ya tsinke da wuri kafin ta nuna luguf, ya sa raga idan da hali, kuma a nan ne ya kamata ma'aikatun gona su shigo da tallafi don ƙaramin manomi ba zai iya sayen ragar shi kaɗai ba. A gida kuma kar a ci ɗan itacen da aka ga shaidar haƙori a jiki, a wanke na ƙasa, kar yara su ɗauki mataccen jemage da hannu, masu haƙar zinariya su yi hattara da ramin da jemagu suka cika, wanda jemage ya ciza ya wanke wurin da sabulu ya tafi asibiti a ranar.

Kuma jemage yana dawowa idan aka bar shi, a cikin Morishus ɗin ma aka gani. A ƙaramin tsibirinta na Rodirigis, sare daji da guguwar teku sun rage jemagen wurin zuwa ƙasa da 100 a shekarun 1970. Aka daina farautarsa, aka sake dasa itatuwan asali, aka shiga makarantu ana koya wa yara cewa wannan dabbar babu ita a ko'ina a duniya sai garinsu, yanzu ana ƙiyasta su wajen 20,000.